Miskilin Da Na Daɗe Ina Rubutawa

Wannan makon ku yi mini afuwa, ba ci gaban labari na kawo muku ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun hutun da ya wuce, na ga gara in furzar da ita.

'Yar yayata da ke karatun halayyar ɗan Adam a jami'a ta zo mini hutu. Ta kwashi littattafaina huɗu ta karance su cikin mako guda. Ran nan muna zaune muna tsinke zogale sai ta ce, "Inna, kin lura duk jarumanki mutum ɗaya ne?" Na ce wane irin mutum ɗaya, bayan akwai likita, akwai soja, akwai ɗan kasuwa? Ta ce, "Riga kawai kike canza masa. Miskili ne, ba ya dariya, ba ya cewa ina sonki sai ƙarshen littafi na uku. Ita kuwa jarumar kullum tana jiƙa filo da hawaye." Na ce to ai ita ce soyayyar. Ta ce a'a, su a ajinsu suna gare ta daban.

Ga abin da ta koya mini, na kuma bi na karanta da kaina. Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara bayanin cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa buƙata ce kamar ci da sha. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta zauna a Yuganda a shekarun 1950 tana lura da iyaye mata da goyonsu, daga baya a Amurka ta shirya wani gwaji: a sa uwa ta fita daga ɗaki ta bar ɗanta ɗan shekara guda, sannan ta dawo. Dawowar ake kallo. Wani yaron ya ruga gare ta, ta rarrashe shi, ya koma wasansa. Wani ya kau da kai kamar bai gan ta ba. Wani kuma ya ƙanƙame ta yana kuka yana ture ta, rarrashi ya ƙi kama shi.

A 1987 wasu masana biyu, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka buga a wata jarida ta birnin Denver, waɗanda manya suka amsa game da soyayyarsu. Sai ga yaran nan uku sun bayyana da gemu da ɗankwali. Kashi 56 cikin ɗari masu natsuwa ne, kusanci ba ya ba su tsoro. Kashi 25 masu ja da baya ne, da an matso sai su ji an takura su. Kashi 19 masu fargaba ne, kullum suna jin za a gudu a bar su.

Inda abin ya taɓa sana'ata shi ne nan. Tun 1973 wani ɗan Kanada, John Lee, ya kasa soyayya gida shida: ta shauƙi, ta wasa, ta sabo, ta lissafi, ta sadaukarwa, da ta zautuwa. Da aka gwama binciken biyu, sai aka ga masu natsuwa sun fi karkata ga ta shauƙi da ta sadaukarwa. Masu ja da baya sun fi yin ta wasa, a taɓa nan a taɓa can, ba a bari zuciya ta zauna. Masu fargaba kuwa ta zautuwa ce tasu: kishi, rashin barci, ciwon kai idan waya ta yi shiru.

Wallahi sai da na ajiye faifan zogalen. Shekara ashirin ke nan ina aurar da mai fargaba ga mai ja da baya, ina kiran abin so na haƙiƙa, 'yan mata suna saye suna boye shi cikin littafin lissafi.

Kuma ba daga sama na samo su ba. Ina da shekara huɗu aka kai ni riƙo wajen goggota. Ba ta cuce ni ba, Allah Ya jiƙanta, amma ba wanda ya gaya mini za a tafi a bar ni. Na farka daga barci ne na tarar babu mahaifiyata. Ban ce riƙo ne ke jawo wannan ga kowa ba, na san waɗanda aka riƙa suka tashi garau. Tawa kawai nake faɗa. Mijina na fari miskili ne na bugawa a jarida, kuma miskilancin ne ya ja ni. Idan ya yi kwana uku bai kula ni ba, ranar da ya yi mini murmushi sai in ji kamar an biya mini Makka. Ina matsowa yana janyewa, yana janyewa ina ƙara matsowa, har igiyar ta tsinke bayan shekara shida.

Wanda nake aure yanzu, shekarar farko na sha kai ƙararsa wajen yayata wai ba ya sona. Laifinsa? Idan ya ce ƙarfe takwas zai dawo, takwas ɗin yake dawowa. Idan na yi fushi ba ya fita, ba ya kuma biye mini, sai ya zauna ya ce in faɗi abin da ke damuna. Gabana ba ya faɗuwa, ni kuma a sanina faɗuwar gaba ita ce so. Yayata ta dube ni ta ce, "Ke dai kin saba da yaji ne, an ba ki zuma kin ce ba gishiri." Masanan ma sun ce halin nan ba tambari ba ne, yana iya sauyawa, musamman idan mutum ya daɗe tare da mai natsuwa. Na gani a kaina. Yanzu idan wayarsa ba ta shiga, caji nake fara zargi.

To amma ku gaya mini, wa zai sayi littafin mutumin da ke dawowa gida ƙarfe takwas? Na gwada. Na ba sabon jarumina sakin fuska da cika alkawari, na tura wa wata ƙawata babi uku ta duba. Ta bugo mini ta ce, "Hajiya, wannan ai yayan jaruma ne, ina saurayin?"

Ban canza shi ba tukuna. Yana nan babi na huɗu, ya kawo wa matarsa tsire, ni kuma na yi kwana tara ina neman abin da zai faru bayan sun ci.