Kwana Biyun Farko a Damagaram

'Yar'uwa, ba sai da jirgi ake zuwa ƙasar waje ba. Daga Kanya Babba muka bi ta Ɓaɓura, muka ƙetara Magarya, kafin la'asar muna Damagaram gidan Goggo.

Washegari Baba ya kai mu unguwar Birni. Ga fadar Sarki, ga dogarai, ga manyan duwatsu tsakanin gidaje. Ashe nan ne hedikwatar Nijar har 1926, kafin Faransawa su mayar da ita Yamai. Ni dai zanen bangon gidajen Zango ne ya tafi da hankalina, har Inna ta gaji da jirana.

Kasuwa kuwa, ke dai bari! Da dala suke lissafi, sefa biyar ke nan. In an ce miki dala ɗari, ɗari biyar za ki miƙa.