Malamin Gona a Bakin Daji

Ran da na gama karatun aikin gona a Samaru, Zariya, aka tura ni Birnin Gwari, na ɗauka aikina bai wuce koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki ba. Ashe ban san dawan garin ba.

Na tara samari 12, muka buɗe gonar gwaji ta masara kusa da Dajin Kamuku. Damina biyu muka yi lafiya. A ta uku 'yan bindiga suka hana mu leƙa ta. Wasu yaran suka tafi haƙar zinariya, ɗaya kuwa ya bi 'yan daji. Mahaifinsa ya ce mini, "Malam, ka koya masa noma, to ina gonar?" Na rasa ta cewa.

Bayan sulhun 2024, da aka sake buɗe kasuwar shanu, mun koma gonar da yara 5. Ƙannena ɗalibai, duk mai sha'awar wannan aiki ya sani, kafin iri da taki sai ka riƙe yaron tukuna. In ya bar gona, dawo da shi ya fi sassabe wuya.