Kongo, inda ɗalibai ke bin sawun kuɗin ƙananan hukumomi

Wanda ya sauka a Tudun Wadar Zariya ya ce wa ɗan acaɓa Kongo, ba sai ya ƙara bayani ba. Nan ne harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta cikin gari, nesa da babbar harabar Samaru. Tun daga bakin ƙofa ake cin karo da masu sayar da littattafan shari'a da na mulki, masu shayi, da shagunan hoton takardu da janaretocinsu ba sa hutawa.

Wurin ya girmi jami'ar kanta. A 1947 aka buɗe shi don koyar da akawunan En'e aikin ofis, daga baya ya zama cibiyar horar da ma'aikatan mulki, sannan ya shiga ƙarƙashin jami'ar da aka kafa a 1962. Tsofaffin gine-ginen suna nan. Da hantsi harabar cike take maƙil, ɗaliban lauya cikin baƙi da fari, wasu na sauri zuwa aji. Bayan azahar sai ta ɗan lafa.

A gefen sashen nazarin ƙananan hukumomi na iske wani gungun ɗalibai a inuwa, takardu baje a kan cinya. Kasafin kuɗin wata ƙaramar hukuma ne. Suna bin sa layi-layi: rijiyar burtsatse a gunduma kaza, gyaran ajujuwa, rufin asibitin sha-ka-tafi. Kowanne sai sun je garin da ƙafarsu sun gani, an yi ko ba a yi ba, sun tambayi mai unguwa da kansila da matan da ke ɗibar ruwa. Wata ɗaliba ta ce mini abin da ya fi ba ta mamaki shi ne mutanen wani ƙauye ba su taɓa jin an sa rijiyarsu a kasafi ba sai daga bakinta.

Samun takardun shi ne wahalar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, amma ɗaliban sun ce a sakatariya sau da yawa sai an san wani a ciki, ko kuma a yi ta cewa a dawo gobe. Kuɗin mota da na hoto duk daga aljihunsu yake fita. Kwafin kasafi guda kan lashe fiye da kuɗin abincinsu na yini, don haka suke karo-karo su yi ɗaya su raba shafuka.

Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, 23 a Jihar Kaduna, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, sanin inda kuɗin ke tafiya ya ƙara zama dole. Abin da ke damuna shi ne, a jami'o'inmu gaba ɗaya, irin wannan bincike da Turanci ake rubuta shi, a ɗinke, a ba da maki, a ajiye. Waɗannan ɗaliban kuwa na ga ɗayansu yana mayar da jerin ayyukan cikin Hausa a takarda guda, da sunan kowace gunduma da kuɗin da aka ware mata. Ya ce zai kai wa dagaci, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.