Fijon Malam

Yau dai na ajiye alƙalamin soyayya a gefe, domin akwai wani laifi nawa da nake so in amsa a gabanku. Duk wanda ya saba karanta littattafaina ya san ban taɓa ɗora jarumina a kan tsohuwar mota ba. Marsandi nake ba shi ko Prado, budurwa kuma ta fito tana yauƙi ƙamshin turare na tashi. Fijo 504 kuwa sai mugun kawu, ko tsohon da zai zo neman aure 'yan mata su yi masa dariya ta taga. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, a cikin Fijo 504 na girma.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, hedimasta ne. A shekarar 1981 ya sayi motar da rancen gwamnati, fara sol, ya yi shekaru ana cire masa kuɗin a albashi. Ita ta kai Hajiyarmu asibiti haihuwar ƙannena uku, ita ta kai ni makarantar kwana da akwatin ƙarfe a but. Amma da na isa aji huɗu sai na fara roƙonsa ya riƙa sauke ni nesa da ƙofar makaranta, don kada yara su gan ni. Bai taɓa ce mini komai ba, sai dai ya tsaya inda na nuna, ya ce, "Allah ya yi albarka."

Da Allah ya yi masa rasuwa a 2019 aka raba komai, aka bar motar a ƙarƙashin dalbejiya tana shan ƙura, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Wani ɗan gwangwan daga Ƙofar Ruwa ya zo ya taya ta da kuɗin ƙarfe, Yayanmu ya ce a sallama. Ni na roƙa a dakata, ban kuma san dalilina ba a lokacin.

Wani tsohon bakanike na kai wa ita. Ya wanke kafireto, ya canja filogi da fanbel, ya toshe lagireto, ranar da ta tashi har sai da maƙwabta suka leƙo. A garejinsa na haɗu da wasu mutane masu ƙungiyar riƙon tsofaffin motoci, yawancinsu 'yan fansho da 'yan kasuwa. Su suka gayyace ni tafiya Kaduna a hunturun 2023, inda masu irin wannan sha'awa za su baje motocinsu a wani fili.

Bayan sallar asuba muka ɗauki hanya, mota bakwai a jere. Akwai 404 mai giya a jikin sitiyari, akwai tsohuwar Marsandi, akwai Volkswagen Beetle guda biyu, sai mu 'yan 504. Dokar tafiyar ɗaya ce: in mota ɗaya ta tsaya kowa ya tsaya. Ai kuwa tawa ce ta fara ba da kunya, muna wuce Kwanar Dangora ta ɗau zafi. Kafin in buɗe bonet tuni dattawa huɗu sun kewaye ta, wannan da jarkar ruwa, wancan da sifana. Mai Beetle yana ta yi mini tsiya, wai tasa ba ta san ƙishirwa ba, tunda injinta a baya yake kuma iska ce ke sanyaya shi. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 230 ba sai da ta cinye mana awa biyar.

A filin na ga abin mamaki. Samari masu manyan wayoyi sun bar sababbin motocinsu a waje suna layin ɗaukar hoto da irin motar da na yi shekaru ina zagi a takarda. A nan na ji tarihinta daga bakin masu ita. A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, nan cikin Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976, a cikin baƙar Marsandin da aka adana a gidan tarihi na Onikan a Legas, gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'anta. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000, saboda ta dace da hanyoyinmu kuma ko bakaniken ƙauye ya san cikinta.

Ina tsaye sai ga wani dattijo da sanda, ya zagaya motar sau biyu, ya buɗe ƙofar direba ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe yana saurare.

"Ɗana, ta wace shekara ce?"

"Ta 1981 ce, Baba."

"To ina ciki a lokacin. Sashen ɗaura ƙofofi nake. Wa ya sani, ƙila hannun nan ne ya ɗaura wannan." Ya shafa ta kamar mai shafa kan jika, sannan ya ce, "Mai ita ya riƙe amana. Yana nan?"

Na ce ya rasu. Ya yi masa addu'a ya wuce. Wallahi makaranta, sai da na shiga motar na ja gilashi, domin hawaye sun ci ƙarfina. Ƙofar makarantarmu kawai nake gani, da Malam yana juya kan mota a nesa.

Jarrabawar kuwa tana gaba. Dab da la'asar wani Alhaji ya ja ni gefe ya taya motar da kuɗin da ya ninka tayin ɗan gwangwan sau goma. Na ce zan yi shawara. Duk hanyar dawowa zuciyata tana raya mini in yi shiru, in biya 'yan uwana rabonsu a kan kuɗin ƙarfe, mota ta zama tawa a ɓagas. Babu wanda ya ji tayin sai ni da Allah. Ga kuma autarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu.

Washegari na je gaida Hajiya, na zayyana mata komai a gaban Yaya. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ɗan nan, marayu ba sa cin tarihi. In kana son motar Malam, saye za ka yi a yadda Alhajin ya taya."

Haka aka yi. Na sayar da Hondata, na cika da kuɗin littafi, na ba kowa haƙƙinsa a gaban shaidu. Yaya ya ce na yi wauta, ƙila kuma yana da gaskiya, don har yau in za ni ɗaurin aure sai na sa jarkar ruwa a but.

Yanzu da ita nake kai ɗana makaranta. Ranar nan muna dab da isa ya sunkuyar da kai ya ce, "Abba, sauke ni a nan ma ya isa." Na taka birki a inda ya nuna, na ce, "Allah ya yi albarka."

A littafin da nake rubutawa yanzu, jarumin a Fijo 504 zai je zance, in budurwar ta yi dariya to ta yi. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu cika da imani. Sai mun sake haɗuwa.