Dawaki Biyu A Bayan Gida

Masu iya magana kan ce zumunta a ƙafa take. To, mu dai tamu a kan tayoyi huɗu muka same ta, su ma duk sun sace sun nutse cikin ƙasa.

Mu huɗu mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari a Katsina, maza uku da mace ɗaya. Ranar rabon gado an raba gida da gona, amma ba a tashi ba sai da aka faɗa wa juna maganganun da har yau muke jin kunyar tunawa. Abin da ya rage shi ne wata 'yar ƙaramar mota da ta shekara talatin a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta. Ɗan gwangwan ya zo ya zagaya ta, ya ce nauyinta ba zai wuce kilo 500 da 'yan kai ba, ya yi tayinta a kan kilo. Har mun kusa sallamawa, sai Inna ta ce daga bakin ƙofa, "A cikinta aka kawo ni gidan nan." Ba ta ƙara ko kalma ba. Muka sallami ɗan gwangwan.

Motar ita ce Citroën 2CV, wadda Faransawa ke kira da sunan da ke nufin dawaki biyu, lissafin haraji ne ba ƙarfin inji ba. Baba ya saye ta a Maraɗi wajen wani Bature mai komawa gida, shekaru kaɗan bayan Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. An fara nuna irinta a Paris a 1948, aka yi ta ƙarshe a Fotugal a 1990. An ƙera miliyoyi, amma irin tamu mai murfin inji mai gurza-gurza kamar kwanon rufi, wadda aka daina yi a 1960, yau sai an tona kafin a ga guda. Shugaban kamfanin, Pierre Boulanger, don manoma ya sa aka ƙera ta, har ya gindaya sharaɗin ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa ɗauke da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Ashe kajin Inna sun san inda suka zaɓa.

Bakaniken farko da muka kira ya ƙoshi da Peugeot, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Ya ɗaga murfi, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, ya ce, "Alhaji, an sace lagireto." Alhali kuwa ba ta taɓa yin lagireto ba, domin injinta mai silinda biyu iska ke sanyaya shi. Daga nan muka haƙura muka tsallaka Maraɗi, muka ɗauko wani tsohon bakanike da idanunsa suka fara rauni. Da hannu ya shafa injin, ya ce mai 425 ne, batir ɗinta kuma mai bolt 6, kada wanda ya kuskura ya sa mata na zamani.

Aikin bai yi sauƙi ba. Tsatsa ta cinye shasi, mai walda ya yi wata guda yana faci. Rufin tamfol ne, mai ɗinkin kujerun mota ya ɗinka sau biyu kafin ya zauna. Fistin da kayan birki sai ta intanet daga Faransa, kuɗin dakonsu ya ninka nasu. Sau biyu ƙaraminmu ya ce ya fita, yana da 'ya'ya a makaranta, ba zai zuba kuɗi a akwala ba. Gaskiya gare shi, don haka muka ɗauke masa kuɗi, ya ɗauki goge tsatsa. Kowace Asabar ta ƙarshen wata muka riƙa haɗuwa a bayan gida, kuma wuya ne ka miƙa wa ɗan'uwanka sifana ba ka yi masa magana ba.

Saɓani mafi girma a kan wata lotsawa ce a ƙofar baya. Yaya ya ce a buga ta a shafe, mota ta koma kamar yau aka ƙera ta. Ƙanwarmu ta ce a tambayi Inna. Inna ta yi dariya, ta ce ai ranar da Baba ya ɓoye yana koya mata tuƙi ne ta daki turken jaki. Shekara hamsin ba wanda ya san ta taɓa riƙe sitiyari. Muka fente motar, muka bar lotsawar.

Ranar da ta tashi, da ƙarfen murɗawa muka tayar da ita, ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama kuka irin na keken ɗinki. Muka ɗauki Inna zuwa ƙarshen layi muka dawo, yaran unguwa na bin mu da ihu. Fitila ɗaya har yanzu ba ta kamawa, takardu ma ba mu gama ba. Ba ma gaggawa. Asabar mai zuwa akwai haɗuwa, in Allah Ya kai mu.