Ga Kogi, Ina Matuƙa?

A wajenmu, duk wanda aka ce ya tafi ƙasar Larabawa neman ilmi, ba a tambayar abin da ya je karantawa. An riga an yanke cewa ko Azhar ya nufa a Alƙahira, ko Jami'ar Musulunci ta Madina, zai dawo da fiƙihu da nahawu. Wannan alheri ne babba, amma rabin labarin ke nan.

A birnin Iskandariyya na ƙasar Masar akwai wata makaranta da aka kafa a 1972 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, don horar da matuƙan jiragen ruwa da injiniyoyinsu. Daga baya ta faɗaɗa, ta haɗa da kimiyya da fasaha. Tun da hukumar NIMASA ta ƙaddamar da shirinta na horar da ma'aikatan jiragen ruwa a 2008, wannan makaranta na cikin wuraren da aka tura matasan Nijeriya. Amma a iyayen da muke zama da su a Karewa, da wuya in ji wanda ya ambace ta sa'ad da ake shawarar makomar yaro.

Abin da ke damuna shi ne, mu ba baƙin ruwa ba ne. Daga unguwarmu zuwa bakin Binuwai tafiyar 'yan mintoci ce. A zamanin Turawa, da damina jiragen ruwa kan hauro daga kudu, su yada zango a Jimeta, su wuce har Garwa ta Kamaru. Yau yashi ya cike hanyar, sai kwale-kwale ke ketare mutane. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 kuwa, idan aka sako ruwanta, kamar a 2012 da 2022, gonaki da gidaje ne ke biya. Wa zai auna zurfin kogin nan, ya yashe shi, ya ƙera masa jirgi mai aminci? Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Yola a 1981, wadda yau ake kira Jami'ar Modibbo Adama, tana yaye injiniyoyi, amma makarantar tuƙin jirgi ta tarayya tana can Oron, a Jihar Akwa Ibom. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa!

Wani zai ce, me ya haɗa malamin adabi da jirgin ruwa? To, Ahmad bin Majid, shahararren matuƙin Tekun Indiya na ƙarni na 15, a cikin waƙa ya tsara da yawa daga iliminsa na taurari da iska da hanyoyin teku, domin matuƙa su haddace. Malamanmu na dā ma sun tsara waƙoƙin ajami a kan hisabi da taurari. Ashe katangar da muka gina tsakanin Larabci da kimiyya ba gadonmu ba ce.

Don haka, ya kai ɗalibi mai Larabci a baki da lissafi a ka, kada ka yarda a ce sai ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya. Ka tambaya, ka nema, ka je ka koyo, sannan ka dawo wa Binuwai da shi. Bahaushe ya ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah ya sa mu dace.