Wanda Ya Shiga Gida Ya Ga Komai

Lokacin da muke yara a Gulma, rijiya ce ruwan gida. Idan ta rufta ko ta cika da laka bayan damina, sai a nemo mai yasar rijiya. Ba ya shiga gida kai tsaye. Zai tsaya a zaure ya yi sallama, a tura yaro ya ce wa matan gida su kimtsa, sannan maigida ya shige gaba yana cewa, "Bismilla, Malam, shigo." Mutumin nan zai wuni a tsakar gida. Zai ga ɗakin uwargida da na amarya, ya ga rumbun shinkafa ko cike yake ko ya yi ƙasa, ya ji wanda ke kwance ba lafiya. Da yamma ya wanke ƙafa, ya karɓi haƙƙinsa, ya tafi. Ban taɓa jin labarin gidanmu ya fito daga bakinsa ba. Da ya yi surutu sau ɗaya, da babu gidan da zai sake kiransa daga nan har Argungu.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, ma'aikata suka cika gari, aka yi ta gina gidaje masu bututu da tanki da banɗaki na zamani. Masu gyaran famfo suka yawaita, samarin garuruwanmu suka shiga koyon sana'ar. Wani ƙanen mahaifina da muke kira Baffa yana cikinsu. Na san littafinsa, irin na 'yan firamare ne, bangonsa ya sha mai. A ciki yake rubuta sunan maigida da unguwa da bashin da ya rage, wani wuri da boko, wani wuri da ajami. Yana ajiye shi a ƙasan akwatin kayan aiki, ƙarƙashin sifana. Wata rana na buɗe ina karantawa, ya karɓe a hankali ya ce, "Ɗana, wannan asirin mutane ne." Idan littafin ya cika kuma an biya basussuka, ƙona shi yake yi.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru ta iso mana, littafin nan ya koma cikinta. Yau wayar mai gyaran famfo tana ɗauke da lambar maigida da ta matarsa, da lambar asusun banki, da hoton rasit ɗin tura kuɗi, da kwatancen gida, da hotunan banɗaki da kicin da aka aiko ta WhatsApp don a nuna inda ke yoyo. Har da saƙon murya mai cewa, "Alhaji ya yi tafiya, ka zo gobe, yara na nan." Wannan wayar ce ake bai wa yaron shago ya riƙe, ake barinta wurin masu caji, ake kai ta gyara, ake sayar da ita ba a goge ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hotunan aikin da aka gama, waɗanda ake sawa a Facebook don talla, ga ƙofar gida ga lambar mota a fili, a lokacin da kowa ke tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, da masu kiran waya su ce daga banki suke.

Gwamnati ta zo da nata tsarin. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗaga wa mai ajiye bayanai don harkar kansa ko ta gidansa ƙafa, amma wanda ya tara su don sana'a ya shiga ƙarƙashinta, ko da shagonsa rumfa ce. Ta ce a karɓi abin da aiki ke buƙata kawai, kada a juya shi zuwa wata manufa, a tsare shi, kada a riƙe shi fiye da lokacin buƙata, kuma mai bayanin yana da ikon cewa a goge. Tarar ƙananan masu sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2. Da na karanta, sai na tuna da Baffa da ashanarsa.

A ganina dokar ta yi daidai, sai dai ba ta iso inda masu sana'ar suke ba. Ya kamata hukumar ta yi bayaninta da Hausa a gidajen rediyo, ta bi ta hannun shugabannin masu sana'a a Birnin Kebbi da Argungu. Ku kuma iyayen gidan sana'a, ranar da kuka miƙa wa yaro sifana ku koya masa ya sa wa wayarsa makulli, ya goge hoton gidan mutane idan aiki ya ƙare, kuma ya nemi izinin maigida kafin ya bai wa wani lambarsa.